Kawu da Yaransa na Italiya

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu komawa a ƙarshen lokacin yankan dabino. An sallace shi a Masallacin Annabi bayan La'asar, muka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a. A can ba a rubuta sunan kowa, ɗan dutse kawai ake ajiyewa. Idan na koma yau ba zan iya nuna kabarinsa ba, kuma wannan bai dame ni ba, haka aka yi wa waɗanda suka fi shi daraja. Abin da ya hana ni sakat shi ne abin da aka yi masa a ƙofar gidansa a unguwar Awali, a kwanakin zaman makoki. Mutane sun shaide ni da haƙuri. To, a kan wannan maganar haƙurina ya ƙare, shi ya sa na ɗauki alƙalamin da na koyi riƙewa da furfura a gemu.

An jera kujeru a bakin titi, ana zagayawa da gahawa da dabino. Kowa ya zo sai ya bi layinmu yana ba mu hannu yana cewa, "Azzamallahu ajrakum," sannan ya zauna ya faɗi abin da ya sani. Mai gonar da Kawu ya yi wa aiki tun yana saurayi ya ce ko ƙwayar dabino ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Gaskiya ne. Wani tela, Bahaushen Sudan, ya ce, "Allah Sarki, mutum shiru-shiru, ba ya fushi, ba ya gardama." Saura kaɗan gahawa ta shaƙe ni. Kawun da na sani ya taɓa yin watanni yana fushi da wani mai ganga da bai taɓa gani da idonsa ba. Sai limamin unguwa ya gyara murya ya ce, "Wannan bawan Allah daga gona sai masallaci. Kunnensa bai taɓa sauraren kiɗa ko waƙa ba. Ku yi koyi da shi." Tsofaffi suka sunkuyar da kai suna jan carbi.

Liman sabo ne a unguwar, ba na ganin laifinsa, abin da aka gaya masa ya faɗa. Wanda ya gaya masa kuwa yana zaune kusa da ni: babban ɗan Kawu, taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Duk a Madina aka haife mu, amma ni a gona na tashi, shi a makaranta, har ya samu aikin ofis. Yana jin Hausa sarai, sai dai da Larabci yake amsawa.

A rana ta biyu ya fito da wani kwali cike da kaset-kaset. Ya ce wa'azi ne a kan mutuwa da kwanciyar kabari, sadaka ce ga mahaifinsa, kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi gida. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni ma aka miƙo mini. An liƙa masa sabuwar takarda mai sunan wa'azin, amma da na juya shi sai na ga ɗigon fenti rawaya a kusurwa. Na leƙa hannun na kusa da ni, nasa ɗigon kore ne. Ni na riƙe wa Kawu gwangwanin fenti ranar da ya yi waɗannan ɗigogin. Kaset-kaset ɗinsa ne aka kai shago aka shafe, aka ɗora wa'azi a kai, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Dole in koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya gane abin da aka shafe.

Kakanmu makaɗin kalangu ne. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da iyalinsa, ya yi shekaru a hanya, yana kiɗa a kasuwannin Cadi da Sudan ana ba shi abin da zai ciyar da su. Ranar da ayarinsu ya iso iyakar Haramin Madina, ya sauke kalangun daga kafaɗa, ya tsaga fatar da wuƙa, ya haƙa rami ya binne. Ya ce garin da Annabi yake kwance, hannunsa ba zai kaɗa komai a ciki ba. Kawu yana yaro, yana tsaye yana kallo. Shi ma har ya mutu bai taɓa riƙe ganga ba. Amma yatsunsa ba su yi wannan alkawarin ba. A kan gwiwa, a kan kwando, a kan sitiyarin mota, kullum suna cikin magana.

A shekarun da arziƙin mai ya fara zuba, ana ta shimfiɗa tituna da bututun ruwa, wani kamfanin mutanen Italiya ya kafa sansani can bayan Jurf, a wajen iyakar Harami, tunda wanda ba Musulmi ba ba ya ƙetare iyaka. Mai gona ya ɗauki nauyin kai musu dabino da na'ana'a da ganye. Kawu ke tuƙa wanet, motar gona mai buɗaɗɗen baya, ni ke loda kaya in sauke. A sansanin akwai wani makanike mai sanƙo da ba mu taɓa iya faɗin sunansa ba, Taliyani kawai muke ce masa. Wata rana muna wucewa ta garejinsa, rakoda tana ta ƙara. Kawu ya tsaya cak da kwando a kafaɗa.

"Wane ne wannan yaron da aka biyo da gudu?"

Na ce, "Wane yaro, Kawu?"

"Mai gangar nan. Ka ji shi? Ya bar 'yan'uwansa a baya. Kai yaro, ina za ka?"

Taliyani ya fito yana goge hannu. Da guntun Larabcinsa da nuni ya fahimtar da mu cewa samari biyar ne daga ƙasarsu, wannan ne kaset ɗinsu na farko. Kawu ya ce masa, "Bakin da suke waƙa da shi ba nasu ba ne." Taliyani ya buɗe ido, ya ce haka ne, da Ingilishi suke yi, suna kwaikwayon mawaƙan Ingila. Kawu ya ce, "Ai ana ji. Kamar mai tafiya da takalmin wansa." Kafin mu tafi Taliyani ya ba shi kaset ɗin, bayan mako guda kuma ya ɗaura masa rakoda a cikin wanet.

Daga nan suka zama "yarana." Haka yake kiransu. Duk sanda Taliyani ya dawo daga hutu sai ya zo da sabon abin da suka fitar, ko wanda aka ɗauka a wurin wasansu, ya kwafa wa Kawu fiye da ɗaya, don zafin Madina yana cinye kaset. Kawu bai iya karatu ba, don haka ya riƙa yi musu alama da fenti, irin yadda yake duban dabino a bishiya. Kore na ɗanye. Rawaya na wanda ya fara nuna. Ruwan ƙasa na wanda ya nuna ya gama.

Na farkon duk kore ne. Kowa cikin biyar ɗin yana so a ji shi. Mai garayar lantarki yana ihu, mai akwatin da ake dannawa yana ihu, mai ganga yana dukan duk abin da ke gabansa. Kawu ya ce, "Ƙarfi gare su, hankali ne bai iso ba. A bar su."

Bayan shekara biyu ko uku sai ga wanda ya samu rawaya. Sun watsar da Ingilishi sun koma harshen iyayensu, sun shigo da sarewa. Waƙa ɗaya takan cinye gefen kaset gaba ɗaya, ta tashi a hankali kamar mai fita daga gida da asuba, ta shiga kasuwa, ta yi faɗa, ta dawo. Kiɗan kuma ya zama wani iri, ni da farko na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace. Kawu ya ce, "Ba lalacewa ba ce, ɗingishi ne. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma da gangan suka yi. Saurara." Ya kaɗa mini a kan sitiyari har sai da na kama. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ɗan gaggawar nan mai ganga har yanzu yana so a ce ya iya."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da muka sa wani sabo muna dawowa da hantsi. A tsakiyar waƙar sai ganga ta ɗauke. Sarewa da akwati suka yi ta hira su biyu, mai waƙa ya shigo da murya ƙasa-ƙasa ya fita, ganga shiru. Har na ce ko yaron ya bar su ne. Kawu ya ɗaga mini hannu. Can da nisa, a daidai inda zuciya ta fara nema, sai ga bugu ɗaya, a hankali. Kawu ya gangara gefen hanya ya tsayar da mota a gindin wata ƙaya. Sannan ya ce, "Ya girma. Wallahi yaron nan ya girma. Ya koyi jira. Baba ma sai da ya haifi uwarka ya koyi wannan." Shi ne kawai lokacin da na ji ya ambaci kiɗan Kaka ba tare da ya rage murya ba.

Ga abin da nake so liman da duk mai karanta wannan ya sani. Kawu bai taɓa kunna kiɗan nan a cikin Madina ba. Da mun hango alamar iyakar Harami sai ya miƙa hannu ya kashe, ko da waƙa tana tsakiyar daɗinta. Na taɓa roƙonsa, "Kawu, saura kaɗan ta ƙare." Ya ce, "Ta jira mu. Jibi za mu same ta a nan inda muka bar ta." Daga nan har gida sai salati. A gidansa ba a taɓa jin ko ƙyas ba. Kwalin yana ƙarƙashin gadonsa a rufe, abin da za mu ji a ranar kawai yake ɗauka. Shekara fiye da goma yana haka, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ko kiɗan halal ne ko haram, wannan na malamai ne, kuma tsakanin Kawu da Ubangijinsa ne. Ni dai na san mutum mai ladabi idan na gan shi.

Ai kuwa yana fushi, tela ya ji da kyau. Akwai shekarar da Taliyani ya kawo wani da yaran suka yi bayan sun tafi neman kasuwa a ƙasashen waje. Sun koma Ingilishi, waƙoƙin sun zama gajeru, sarewa ta ɓace, ganga kuma tana tafiya dam-dam-dam kamar injin ban ruwa. Kawu bai kai ƙarshensa ba ya juya mota muka koma sansani. Ya tarar da Taliyani a ƙarƙashin wata babbar mota, ya ja shi ta ƙafa.

"Fito! Me ya samu yarana?"

Taliyani ya ce yanzu abin da rediyo ke so ke nan.

"Rediyo ce ta haife su? Idan ka koma ka gaya wa mai gangar nan ni na ce ya ji kunya. Bayan ya koyi jira, sai ya koma dakan turmi?"

Taliyani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi fa bai san su ba, sau ɗaya ya taɓa hango su daga nesa a cikin dubban mutane. Kawu ya dube ni, ya dube shi.

"Ƙasarku ɗaya, harshenku ɗaya, ka ce ba ka san su ba? Ko uwar ɗaya daga cikinsu ba ka sani ba? Ko kawunsa? To wa ke tsawata musu?"

Bai yarda ba. Ya ɗauka Taliyani yana ɓoye su ne don kada a yi musu faɗa. Wannan kaset ɗin baƙin fenti ya samu. Watanni Kawu yana sauke wa sansani kaya, ya gaida kowa, ya wuce garejin kamar bai san da shi ba.

Abin da ya shirya su mutuwa ce. Muka je wata rana aka ce mahaifiyar Taliyani ta rasu, kuma kamfani bai ba shi damar tafiya ba. Muka same shi shi kaɗai a gareji yana kwance wani inji da ba abin da ya same shi. Kawu ya tambaya ina masu zaman makoki, aka ce babu, kowa yana bakin aikinsa. Washegari ya loda kujeru a wanet, da butar gahawa, da mafi kyawun dabinon gona, ya sa matarsa ta dafa shinkafa da nama. Ya jera kujerun a ƙofar garejin, ya zaunar da Taliyani a tsakiya, ya bi direbobi da leburori ɗaya bayan ɗaya, "Ku zo ku ba shi hannu. Mutum uwarsa ta mutu a bar shi da sifana?" Kwana uku muka yi muna zuwa. Ba addini ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, amma Kawu ya ce uwa uwa ce.

Na ƙarshen da Taliyani ya kawo kafin aikinsu ya ƙare ya koma gida, shi ne ya samu ruwan ƙasa. Yaran sun dawo harshensu, sun je ƙauyukansu sun ɗebo tsofaffin waƙoƙi, har da muryoyin tsofaffin mata a ciki. Mai ganga ya ajiye sanduna a wasu wurare yana kaɗa wani abu kamar bandiri da tafin hannu. Ɗingishin yana nan, amma ya daina nuna kansa. Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ko na mutu sun iya riƙe kansu." Bayan sansanin ya tashi ma bai daina ba. Ranar Alhamis sai ya ce mini, "Zo mu je mu gaida yara," mu fita bayan Jurf mu zauna a cikin mota.

Wannan ne taubashina ya kai shago.

Na ja shi bayan gida a ranar da ya raba su, kaset ɗin yana hannuna. Na ce, "Me ka yi?"

Ya amsa da Larabci, "Na tsarkake masa su. Yanzu duk wanda ya saurara lada zai kai masa."

"Da Hausa nake maka magana."

"Halas, ya ɗan gwaggona, an gama. Kana so a buɗe kwali a gaban mutane a ga abin da ke ciki? Kana so a ce tsoho ya mutu ya bar kiɗan kafirai a ƙarƙashin gado?"

"Wa ya ce ka buɗe a gaban mutane? Ina nan da raina. Me ya hana ka ba ni?"

"Kai ne ma kake taya shi!" Idonsa ya yi ja. "Ka san abin da ake kirana a makaranta? Jikan mai ganga. Ba wanda ya taɓa ganin gangar, amma sunan ya bi ni har aji. Na yi shekaru ina wanke sunan gidan nan. Shi kuwa kullum yarana, yarana. Wasu Turawa da ba su san yana duniya ba. Ranar da na gama makaranta ka san abin da ya ce mini? Madalla. Shi ke nan. Amma wani ya bugi fata a Italiya, sai ya tsayar da mota."

Ban san Kawu ya ba da wannan labarin a gida ba. Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Kawu ya fi iya yabon na nesa. Amma na ce masa, "Wannan tsakaninka da ubanka ne, da ka faɗa masa yana da rai. Kalangun da kake jin kunya shi ya ciyar da kakanka a hanya har aka haife ka a garin Annabi. Ka shafe kaset, sannan ka sa liman ya yi wa ubanka shaidar da ba tasa ba. Mutum ya mutu, a yabi wani daban a ƙofar gidansa?" Ya juya ya koma cikin mutane. Ni ban sake zama a layin masu karɓar gaisuwa ba.

Bayan kamar mako guda Inna, matar Kawu, ta aiko in zo da safe. Tana cikin takaba, don haka ta bayan labule muka gaisa. Ta turo ƙaramar rakoda ta ƙarƙashin labulen ta ce, "Danna ka ji." Malam yana ƙarshen wa'azinsa, ya yi addu'a, ya yi sallama. Sai ɗan huci na kaset. Sai ga sarewa. Sai ga ganga tana ɗingishi.

Ashe wa'azin bai kai tsawon zaren kaset ɗin ba. Mai shago ya ɗora abin da aka ba shi, ya cire, bai saurari sauran ba. Wutsiyar kiɗan tana nan a ƙarshe.

Inna ta ce, "Wannan ne ɗan gaggawar?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Shekara da shekaru ina jin labarinsa, ya yi kaza, ya girma, ya lalace, ya shiryu. Yau na ji shi." Muryarta ta karye, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Sai ta ce, "Kashe, ɗana. A cikin Madina muke."

Ina kashewa sai taubashina ya faɗo gidan, ko hula babu. Liman ya ji kiɗa a ƙarshen nasa kaset ɗin, ya kira shi. Duk kaset ɗin da ya raba haka yake. Na miƙe na ce masa, "Ubanka ya yi shekaru yana tsare kiɗan nan a bayan iyaka. Kai a yini ɗaya ka shigo da shi gida-gida, har maƙwabtan Masallaci." Bai musa ba. Ya ce dole a karɓo su duka, kuma bai san gidajen tsofaffin ba, ni na sani. Na ce zan kai shi, amma ba zan buɗe baki a ƙofar kowa ba.

Muka shiga wanet muka fara bi. A gidajen farko ya ce kuskuren mai shago ne, aka miƙo masa, muka wuce. Tela ya miƙo nasa yana murmushi ya ce, "Mai shagon nan kuwa yana da baƙin kaya. Ni ban taɓa jin irin wannan a kasuwa ba." Taubashina ya yi kamar bai ji ba.

Da Azahar ta kusa muka iso tsakiyar gari, wurin wani tsoho mutumin Cadi da ke sayar da asuwaki a wani lungu kusa da Masallaci. Shi ma ya zo makoki, yana cikin waɗanda suka sunkuyar da kai. Taubashina ya maimaita maganar mai shago da Larabci. Tsoho ya ɗaga kunne ya ce, "Ba na jin Larabci yau. Kiɗan na wane ne?"

Taubashina ya dube ni. Na dubi asuwaki.

"Na ce na wane ne? Sadaka aka ba ni. Ba na mayar da sadaka sai na san mai ita."

Mutane suna wucewa zuwa salla. Taubashina ya ce da wata Hausa da ta daɗe a ajiye, "Na babana ne."

"Ai na sani," in ji tsoho. Ya zaro kaset ɗin daga ƙarƙashin tabarma. "Ayari ɗaya muka iso garin nan da ubanka muna yara. Na yi rawa da kalangun kakanka a Sudan, ina wurin aka binne shi. Duk mun san inda ubanka ke zuwa ranar Alhamis. Ba wanda ya taɓa raina shi a kan haka."

A nan na karya alkawarina na buɗe baki. Na ce, "Baba, tunda kun sani, me ya hana ku faɗa ranar da liman yake magana?"

Ya ce, "Ɗana, makoki ne. Ba a gyara wa liman magana a makoki."

Na ce, "Amma ana barin a canza mamaci." Ban taɓa mayar wa tsoho magana ba sai ranar, kuma har yau ban ji na yi nadama ba.

Da muka gama muka koma Awali, kwalin ya kusa cika. Taubashina ya sauko da shi ya ce gobe zai mayar wa mai shago ya shafe sauran. Na dafa kwalin. Na ce, "Ka san kuɗin shara?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "A can gida ƙasar Hausa, idan sabuwar shekara ta kama, ɗan mace yakan je wurin ɗan namiji ya karɓi kuɗin shara. Hakkinsa ne, ba roƙo ba ne. Ni tunda nake ban taɓa tambayarka ba. Yau na zo, kuma ba kuɗi nake so ba. Sharar da kanta nake so. Ka ce wannan datti ne ka share daga ɗakin ubanka. To, nawa ne."

Ya ce, "Wannan wasa ne na ƙauye."

Na ce, "Ka ga ina dariya?"

Daga bayan labule Inna ta ɗaga murya, "Sakar masa. Gaskiyarsa ce." Ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya saki. Ban yi masa godiya ba.

Kwalin yana wurina. Abin da ya rage a ciki gutsattsari ne, ƙarshen wannan waƙa, rabin waccan. Wanda ya ji su yanzu zai ji inda yaran suka tsaya, ba zai taɓa jin yadda suka iso wurin ba. Inda ganga ta yi shiru ta jira yana tsakiyar zare, ya tafi har abada. Taubashina yana yi mini sallama a masallaci ina amsawa, don amsa sallama wajibi ne. Abin da ya wuce haka ban kai ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Kawu, ɗan makaɗi, mai fushi, mai gardama, mai kunne, wanda ya jera wa baƙo kujeru ranar da uwarsa ta mutu. Ya yafe masa abin da ya yi daidai a ganinsa alhali kuskure ne, Ya sa maƙwabtakar da ya girmama yana raye ta amfane shi a kwance. Wannan nake yi wa addu'a. Wancan da aka yaba a bakin titi ban san shi ba, kuma ba ya bukatar gafara, tunda ba a taɓa haihuwarsa ba.